Amyoyin Zakariyas

A ƙauyenmu na tsibirin Kirit, duk wanda zai yi addu'ar mamaci, Argiro ke dafa masa alkamar sadaka. Ta zuba rumman, ta tsaya ƙofar coci tana rabawa, kowa ya karɓa ya ce Allah ya yafe wa mamacin. Ta fara wannan aiki ne bayan Jamusawa sun harbe mazan ƙauyen, har da mijinta Pandelis.

Tana da ƙane, Zakariyas, wanda ya iya Jamusanci. Lokacin yaƙi yana kan dutse tare da Turawan Ingilishi, suna satar saƙonnin Jamusawa suna warwarewa. Ana gab da kisan ya sauko, ya ci dodon koɗi a gidanta har da suɗe yatsu, sannan ya ari alfadarin Pandelis, wai zai kai amyoyinsa inda furanni suke. Pandelis ne ma ya ɗaura masa su, yana tsokanarsa.

"Suruki, ƙudan zuman nan sun fi ka tsoron Jamusawa ne?"

Zakariyas ya yi dariya.

Sai bayan yaƙi, da aka ba shi lambar yabo, ya zauna a ɗakin girkinta ya faɗa mata tun a lokacin ya san Jamusawa za su zo.

"Yaya, umarni ne. Da kun gudu, da sun gane muna jin su, su canza komai. Rayuka nawa kike jin shirun nan ya tsirar?"

Argiro ba ta yi musu ba. Ba ta yi boko mai zurfi ba, wataƙila gaskiyarsa ce.

"To, na ji. Ƙudan zuman fa? Su ba a hana ka faɗa musu ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Ranar addu'ar Pandelis, Zakariyas ya shigo layi, lambar tana rataye a ƙirji. Limamin cocin ya raɗa mata cewa alkamar mamaci ba a hana kowa. Ta sani. Ta cika cokali ta zuba masa a tafin hannu, ba ta bari ƙarfen ya taɓa fatarsa ba.

"Allah ya yafe masa," in ji Zakariyas.

"Shi me ya yi maka?" ta ce. "Matsa, akwai mutane a bayanka."