Kofin da na sha a ƙofar Sarkin Zango

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Baba Salifu ne na unguwar Maamobi. Ban iya rubutu ba, 'yata Ramatu ke danna waya, ni ina faɗa.

Tun shekarar yunwa, wadda aka koro mutanenmu daga Najeriya, ban sake kwana a asibiti ba. Sai bana.

Kun san zancen gidan tace ruwan garin nan: a gyara tsohon, ko a rushe a gina sabo. Aka tara mu a ƙofar Sarkin Zango a ji bakinmu. Ni ina bayan gyara. A idona aka shimfiɗa bututun unguwar nan, na san matar da ta fara tara bokiti. Ba a rushe tsoho don ya yi tari.

Aminina Alhaji Bawa mahauci ya ce, "Salifu, kai da injin nan sa'o'in juna ne, shi ya sa kake tausayinsa."

Aka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe ni. Ranar ce ruwa ya dawo bayan ya daɗe a ɗauke. Na aika gida aka tarbo min a kofi. Na ɗaga, kowa ya gani. Launi bai sauya ba, ba wari, ɗanɗano lafiya. Haka malamai suka koya mana gane ruwa mai tsarki. Na shanye. Daga ranar na daina taɓa ruwan leda, don kowa ya shaida.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ni. Na ce na sauro ne, na dafa ganyen darbejiya. Sai ciki ya ɗaure kamar ganga.

Ramatu ta ce, "Baba, ko ka shiga tasi da ƙafarka, ko a ɗauke ka kamar buhun albasar kasuwar Agbogbloshie."

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Taifot ce, har ta huda hanji. Tiyata a ranar. Katin inshora ya ɗauki wani abu, sauran sai da Ramatu ta sayar da atamfofinta.

Da suka tura ni ɗakin tiyata na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi ta kalmar shahada.

Na farka da roba a hanci. Ba ci, ba sha, sai ƙarin ruwa. Ranar da aka ba ni cokalin koko na farko sai da na yi hawaye.

Alhaji Bawa ya zo dubiya. Na soma yi wa likita bayanin launi da wari, ya katse ni.

"Wannan hukuncin alwala ne, ɗan'uwa, ba na hanji ba."

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni. Likitar ta tambaya ta ina bututun gidana ya bi. Na ce ta cikin gota, wato kwata, kamar na kowa.

Ta ce, "Baba, ruwa na iya barin gidan tacewa tas. In an ɗauke shi, bututun da ya tsage sai ya tsotsi abin da yake kwance a ciki."

Yanzu ina gida, ina zuwa masallaci da ƙafata, na koma cin waakye, shinkafa da wakenmu. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitar, da nas-nas, da Ramatu, da duk wanda ya leƙo.

Har yanzu ina bayan gyara. Ni ma ɗinke ni aka yi, ba a sako sabo ba. Amma ko gyara ko sabo, ku tambayi masu aikin zancen bututu fa.

Ku tafasa ruwan sha, musamman ranar da ya dawo. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku kai shi asibiti kafin ciki ya ɗaure.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan asuba, mai gyaran famfo zai zo. An hana ni ɗaukar nauyi, don haka kujera zan fitar bakin gota, in zauna masa a kai har sai na ga ya fito da bututuna sarari.