Ruwan da zomayena suka ƙi sha

Da na gama sakandire zaman gida ya ishe ni, sai na fara kiwon zomaye a bayan gidanmu a Arkilla. Huɗu na samo. Dusa nake zuba musu safe da yamma, amma wata uku suna nan kamar ɓeraye.

Na je shagon magungunan dabbobi na sayo garin bitamin da ake sa musu a ruwa. Mai shagon yana cikin bayani na fito, ba ni da wannan haƙurin. A gidanmu ba a auna gishirin miya, da hannu ake zubawa. Haka na yi wa garin nan, na cika hannu na watsa a ruwansu don su yi saurin girma.

Lokacin zafi ne. Cikin kwana uku zomaye uku suka mutu, saura zomanya ɗaya mai ciki. Baba ya tsaya a kan kejin ya ce, "In wagga ta bi su, kejin ya zama itacen girki. Ba ni son mushe cikin gidana."

Maƙwabciyarmu malamar aikin gona ce, mutuniyar kudancin Kaduna, Anti muke ce mata. Ranar Lahadi ta dawo daga coci ta ji ina faɗa ni kaɗai, ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba. Ta dubi kwanon ruwan, rawaya kamar kunu.

"Ɗanɗana," ta ce.

"Anti, na zomo ne fa."

"To ke kin fi shi baki ne? Ɗanɗana."

Na taɓa da harshe na tofar. Ɗaci da bauri.

"Kwana uku ba su sha ruwa ba, a wannan zafin naku. Ƙishi ya kashe su, ba ciwo ba."

Ta zubar, ta sa ruwa mai kyau. Zomanyar ta kafa kai tana sha, na kasa kallo don kunya.

Ita ta koya mini sauran. Garin bitamin, bakin ƙaramin cokali kawai. Zogale a shanya a inuwa, a murje cikin dusa, da ɗan ƙuli-ƙuli da harawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako. Na ce mako ya yi nisa. Ta ce kejin ma bai yi nisa da murhu ba. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta leƙo ta duba cokalina.

Zomanyar ta haifi bakwai, nono ya ishe su, duk suka rayu. Ranar nan na ga Baba ya sauke damin harawa daga keke ya jingina da kejin.

Har yau ban iya doguwar godiya ba. Zomo mafi ƙiba na ɗauka na kai wa Anti. Ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan da cokali aka yi shi." Allah ya saka mata da alheri.