Duwatsun da Na Tsinta a Kan Fako

A bayan unguwarmu, can gefen garin Tawa ta wajen arewa, akwai wani fili da ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Nan ake kokowa bayan girbi, nan yara ke langa, ta nan mata ke ratsawa zuwa rijiya. Sai wani kwazazzabo ya taso daga gindin tudu ya sa wa filin baki, kowace damina ya yanki rabonsa. Ni a lokacin ina gaya wa baƙi cewa raƙumi ya taɓa faɗawa ciki da mahayinsa, ba a ji ƙarar saukarsu ba sai washegari da hantsi. Gaskiyar magana, zurfinsa bai wuce mutum ya tsaya ya ɗaga hannu ba. Amma ya riga ya cinye hanyar rijiya, ya doshi wurin kokowa.

Shekarun farkon ƴancin kai ne, jinin kowa na tafasa, rediyo kullum cewa take ƙasa ta dawo hannunmu. Mu samarin unguwa muka ce to, in dai ta dawo hannunmu, ba ma zuba ido ruwa na tafiya da ita. Muka haɗa gayya. Ba mai biyan kowa, ba abin da ke fito da mutum daga ɗaki sai kunya. Sarkin samarinmu, wani mahauci mai faɗin ƙirji da tsadar dariya, ya samo wani ma'aikacin daji ya nuna mana yadda ake gitta duwatsu a cikin kwazazzabo, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ruwa ya tsiyaye, ƙasa ta tsaya. Da bazara muka fara, kafin hadari ya taso.

Tsarin aikin shi ne kowa ya haƙo duwatsunsa a gindin tudu ya tara su a bakin kwazazzabo, tulinsa daban. In rana ta take, ƴan mata sun kawo fura, sai makaɗinmu ya rataya ganga ya bi tuli tuli, wannan ya yi masa kirari, wancan ya yi masa zambo. Ni kuwa tela ne, ɗan koyo ma, abu mafi nauyi da na saba ɗagawa shi ne dutsen guga. Ranar farko makaɗi ya zo kan nawa ya tsaya, ya dafe ganga, ya leƙa nan ya leƙa can.

"Jama'a, ina tulin Tela? Wa ya sace mai shi?"

"Kana bisa gare shi!" in ji wani.

Aka kwashe da dariya, har mai damun fura ta kusa kifar da ƙwarya. Ni ma na yi dariya, don ni ne na fi kowa iya yi wa mutane irin wannan. Amma ta zauna mini a ciki.

Da gayya ta zagayo, na ari jakin kawuna da mangala, na bar mutane na fama da haƙa a gindin tudu, na haye can sama kan fako, inda ƙasa ke da tauri kamar daɓe, ba ciyawa ba inuwa. Na yi ta tafiya ina zagin jaki. Can sai ga tulin duwatsu a gabana, an tsince su an jera, kamar ni ake jira. A ƙasarmu manoma kan tara duwatsun da suka fid da daga gona, to amma nasu a dunƙule yake, kuma a bakin gona. Wannan dogo ne, ya miƙe kudu da arewa, da wani farin dutse mai faɗi a tsaye a gefe guda, alhali duk duwatsun wurin baƙaƙe ne. Ni ɗan gari ne, kaburburan da na sani na ƙasa ne, a maƙabarta, cikin ƴan uwansu. Duk da haka ba zan ce zuciyata ba ta taɓa ni ba. Ta taɓa ni, na ce mata ta bari sai an jima.

Na yi ta sawu, ni da jaki, har na bar wurin fes. Ranar makaɗi ya kusa fasa ganga wajen yi mini kirari. Sarki da kansa ya ɗauki farin dutsen, ya jinjina shi, ya ce wannan na gindi ne, ya shimfiɗa shi a can ƙasan ganuwar da muke ginawa.

Da aka tambaye ni inda na samo su, sai bakina ya kama aikinsa. Na ce aljannu ne suka ga wahalata suka tara mini, babbansu na zaune a gindin wata aduwa yana ba da umarni, har ya ce in gai da Sarki. Labari ya yi daɗi, aka riƙa zuwa rumfarmu don a ji. Ni kuwa ba na ba da labari sau biyu iri ɗaya. Yau wurin na bayan tudu, gobe ya koma gabas wajen Kalfu, ranar da na ƙoshi sai in kai shi yamma har kusa da Tebaram, in ce jakin kawu ya je ya dawo kafin fura ta yi tsami.

Damina ta sauka, ganuwa ta riƙe. Laka ta taru a bayanta ta binne rabinta, ciyawa ta fito a kai, mata suka koma bin tsohuwar hanyarsu. Muka riƙa tafiya a unguwa kamar mu muka kori Nasara.

Da kaka, lokacin da makiyaya ke gangarowa daga arewa dabbobi su ci kara a gonaki, ina zaune ina datse bakin wando sai ga Sarki a ƙofar rumfa. A bayansa wani dattijon Buzu, dogo, siriri, rawani ya rufe masa fuska sai idanu.

"Tela, aje almakashi. Baba na da tambaya."

Dattijon ya gaishe ni da Hausarsa mai nauyi, sannan ya ce, "Kai ne aljannu sunka tara ma duwatsu?"

Wallahi har na gyara zama. "Baba, ai wanga labari, in ba ka ji shi ga bakina ba…"

"Tela!" in ji Sarki. Ban taɓa jin ya kira ni da wannan murya ba.

"Akwai hwari a cikinsu?" in ji dattijon. Ya buɗe hannuwa ya nuna faɗinsa. "Kamar haka."

Bara war haka, in ji shi, suna gangarowa, naƙuda ta kama matarsa a kan fakon nan. Ba ta tashi ba, ita da abin da ke cikinta. Shi da ƙanensa suka yi mata sutura, suka yi ta fama da ƙasar nan mai tauri, ba su samu zurfin da suke so ba. Shi ya sa suka tara duwatsu masu yawa a kai, saboda kura. Farin kuwa daga wani kwari mai nisa ya ɗauko shi, ya zana masa shaidar da yake yi wa raƙumansa. Yanzu kwana da kwanaki yana zagaya fako bai ga kome ba, har ya fara zaton hankalinsa ne ya taɓu. Da ya yi cigiya a kasuwar dabbobi, kowa ya ce masa ai akwai wani tela.

Abin da na ce wa zuciyata ta bari sai an jima, ranar ta kawo mini shi gaba ɗaya. Almakashin na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Washegari da sassafe duk ƴan gayya suka fito, ba wanda aka aika wa. Makaɗi ya zo ba ganga. Muka hau fako, ni a gaba, tunda ni kaɗai na san wurin. Na tsaya na duba. Ko'ina iri ɗaya, baƙin tsakuwa da jar ƙasa har iyakar gani, ruwan damina ya wanke kome ya shafe. Na yi dama, mutane suka biyo ni. Na dawo hagu, suka biyo ni.

"Ba kai ka ce kusa ga wata aduwa ba?" in ji wani.

"Haka ne, aduwa!" Na kama neman aduwa haiƙan, har da gudu. Sai da na yi nisa na tuna ni na shuka aduwar nan da bakina, don babban aljani ya samu wurin zama.

"Ni ce mini ya yi bayan tudu na biyu."

"A'a, ni gabas ya ce mini."

Kowa na riƙe da nasa, kuma duk ni na ba su. Na rufe ido don in ga ranar yadda take, sai in ga aljannu da rawunansu. Na faɗi ƙaryar har ta zauna a kan gaskiyar, na ɗaga ta ban tarar da kome a ƙasa ba.

Makaɗi ya ce a kawo jakin, wai dabba ba ta manta hanya. Aka je aka jawo shi, aka ɗora masa mangala, aka sake shi, zaratan samari na bin sa a baya a hankali kamar masu rakiyar hakimi. Ya yi ƴar tafiya, ya shinshina ƙasa, ya juya ya gangara gonar wani ya kama cin kara. Wani ya fara dariya, ya dubi dattijon, ya haɗiye ta.

Muka jera kafaɗa da kafaɗa muka taka fakon, muka dawo, muka sake. Da rana ta yi zafi Sarki ya ja ni gefe.

"Tela, bakinka bai taɓa rasa amsa ba. Nuna mishi wani wuri. Mu mai da duwatsu, mu yi addu'a, hankalinai shi kwanta. Allah dai Ya san inda take."

Na zaɓi wani wuri da ya ɗan yi mini kama, na ce, "Baba, nan ne." Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa ke nan. Dattijon ya durƙusa, ya zare wuƙa ya kankare ƙasa, ya soka tsininta nan da can, ya daɗe yana yi. Sannan ya share wuƙar a gefen riga.

"Ba a taɓa tona nan ba, yaro."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya ce, "Sa'ad da ka kwashe, kushewar tana ruhe? Ba ka ga tono ba?"

"Tana ruhe, Baba. Wallahi lahiya lau na bar ta."

"Bayan nan ka koma?"

"Ban koma ba."

A shekarun nan kura har bayan mahauta take zuwa. Sarki ya fi kowa sani, shi da ke tarar da sawunta da safe. Ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar.

Dattijon ya ce to a ba shi farin dutsensa. Muka gangara kwazazzabo, muka rushe tsakiyar ganuwar da muka yi bazara guda muna ginawa, muka tona laka har gwiwa. Ni na taɓo shi da hannuna. Na wanke shi da ruwan buta, sai ga zanen a gefen da ya kalli ƙasa, ƴan layuka da ɗigo. Ranar da na tumɓuke shi ban ko juya shi ba. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe shi cikin bargo.

"Baba, ina za ka aje shi?" in ji Sarki.

"Sai na gane wurin."

Muka ce za mu ci gaba da taya shi nema, ya ce ya gode, mu koma ga sana'armu. Na matsa kusa na durƙusa.

"Baba, ka gahurta mini."

Ya dube ni ta saman rawani. "Ni na yahe. Ita ce ban san inda za ka same ta ka roƙa ba."

Mun sake gina ganuwar kafin wata damina, wannan karon da duwatsun da na haƙo da hannuna a gindin tudu tare da kowa. Makaɗi in ya zo kan tulina sai ya wuce, ba kirari ba zambo. Ban daina ba'a ba, ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na zauna a rumfa sai an riƙe ciki. Amma labarin aljannu ba wanda ya sake tambayata, ni ma ban sake taɓa shi ba.

Dattijon ya zauna a bayan gari har kara ya ƙare a gonaki. Masu itace sukan gan shi can kan fako shi kaɗai, yana tafiya a hankali, kansa a ƙasa. Ni ma nakan hau in na tashi daga rumfa, amma ta wani gefen, don kada mu haɗu. Wata rana na ga wani rami da dabba ta tona, tsoho, ruwa ya ci bakinsa. Na tsaya a kansa har ƙafata ta gaji. Ko na dila ne, ko na kura, ko wurin ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Ban leƙa ba, ban kuma gaya masa ba.

Ranar da makiyayan za su wuce kudu, na fita bakin hanya na tsaya cikin masu kallo. Tumaki suka wuce, jakuna suka wuce da kayan bukka. Shi ne a ƙarshe, a ƙasa, yana jan raƙuminsa. Bargon na nan ɗaure a gefen sirdi, sirdin ya ɗan karkata ta wajen nauyin.