Abin Da Muka Taras A Tankin Habu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Habu Direba, kuma wallahi ni ban so a jawo ni cikin wannan rubutu ba. Ni da aji biyu na sakandare ya kayar, me ya haɗa ni da jarida? Gwaggo ce, mahaifiyar marigayin, ta tsare ni a zaure ta ce tunda baki gare ni kamar rediyon mai shayi, in yi amfani da shi ko sau ɗaya a kan abin kirki. An kira jikanta, yaron Habu, ɗan infoma a makarantar allo, yaro ya dawo yana kuka. To kun ji abin da ya zaunar da ni.

Habu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ko a kabari ba zan fasa tsokanar shi ba. Mutum ne mai rowar totur. In ka shiga motarshi daga Ƙanƙara za ka Sabuwa, ka yi sallama da iyalinka sosai, don sai ka yi gemu a hanya. Tsohuwar mota ce ja, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma yana goge ta kamar amarya.

A lokacin nan ne aka rufe gidajen mai a yankinmu saboda 'yan bindiga. Direbobi suka koma sayen mai a ɓoye wurin 'yan bumburutu, galan guda, a zuba a tafi, in ya kusa ƙarewa a nemi wani. Ba wanda ke cika tanki. To sai motar Habu ta tsiro da wani hali. Tsakanin Faskari da Sabuwa akwai wani kwalbati da ya fashe, daga shi sai hawa, daji ya rufe hagu da dama. Ko'ina motar lafiya lau take tafiya, amma da ta faɗa ramin kwalbatin nan ta kama hawa, sai ta fara fizga tana shaƙewa kamar akuyar da ta haɗiyi leda. In ta haye, ta warke. Ya canza fulogi, ya canza kwayil, duk a banza.

Wata ranar kasuwa ta fizga ta mutu ɗungurungum a wurin. Mutanen daji suka fito suka kwashi fasinja, shi kuma suka farfasa mashi jiki da gindin bindiga suka bar shi kwance. Kafin ya tashi daga jinya magana ta gama tasha: ai kullum a nan yake rage gudu yana wasa da totur, alama ce yake ba su, infomansu ne. Me ya sa shi ba a tafi da shi ba? Ciyaman ɗin tasharmu ya hana a yi mashi lodi. Mutanen da suka sha fura da shi suka daina amsa sallamarshi. Habu bai iya rigima ba, sai ya shige ɗaki. Hawan jini ya kama shi, bai ga wata damina ba. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta.

Da yau zai leƙo, da ya sha mamaki. Gidajen mai sun buɗe, amma tsada ta sa har yanzu galan-galan muke zubawa. Yaran gareji sun samo wata na'ura da suke soka wa mota ta faɗi ciwonta, da ya gani sai ya ce a soka wa mutanen tasha ita tukuna. Kalmar infoma kuwa tana nan da ƙarfinta. Ban ce babu su ba, akwai su, sun kuma cuce mu. Amma yau in ka ƙi mutum, ba sai ka nemi boka ba, ka furta kalmar nan kawai a majalisa ka koma gefe.

Bayan an yi arba'in ɗin Habu Gwaggo ta ba ni makullin motar in riƙa nema wa marayu abinci. Fitata ta farko, ina faɗawa kwalbatin nan na kama hawa, sai ga fizga. Na karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Da muka haye, sai dariya ta kama ni, fasinja suna zaton na zare. Na ce a raina, to Habu dai yana ƙasa, halan daga can yake taka totur?

Na kai ta garejin Malam Idi a Ƙanƙara. Ya tayar da ita, ta yi ƙara sumul. Ya ce, "Kai ɗan nema, lafiyarta lau, kai ne ba ka iya tuƙi ba." Na ce, "Baba, a kwance kowa lafiyayye ne, zo mu hau tudu." Muka sami wani hawa a bayan gari, muka bi ta kan ramuka muka haura, ta fizga har hularshi ta faɗi. Ya ce in cika tanki mu sake. Muka cika, muka hau, ko tari ba ta yi ba. Nan ya ce a sauke tanki.

Abin da muka zazzago a cikin daro ba ya faɗuwa: ruwa, tsatsa, da wani baƙin laka kamar ƙasan rijiya. Ragar da ke bakin famfon mai ta toshe saura kaɗan. Malam Idi ya ce man galan ne ke tara wannan, in mai ya yi ƙasa, rami ya girgiza dattin nan ya tashi, hawa kuma ya tura man baya, famfo sai ya zuƙi laka da iska. Shi ke nan fa. Abin da ya kashe wa mutum suna ke nan.

Ban wanke daron ba. Na ɗora shi a but ɗin motar na kai tasha, na dire gaban benci inda ciyaman ke zaune da mutanenshi. Na yi bayani tiryan-tiryan. Wasu suka sunkuyar da kai, wani dattijo ya ce Allah Ya yafe mana. Shi ya sa duk mai kiran yaron Habu ɗan infoma yau, ko dai ba ya tasha ran nan, ko kuwa ƙarya ce ke mashi daɗi. Habu bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar yara uku da suna, kuma sunan nan ba zan bari a taka ba ko da za a kore ni daga layin lodi.

Ciyaman dai bai so ya sauka ba. Ya leƙa daron ya taɓe baki ya ce, "Yaro, wannan ai datti ne. Abin da ke cikin zuciyar mutum Allah kaɗai Ya sani."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, zuciya ba a kwance ta da sifana. Amma kowa a nan ya san a bayan gidanka Habu ke sayen mai, wurin babban ɗanka. Tunda wanda ya tsayar da mota a dajin nan shi ne infoma, tashi mu kai daron wurin 'yan banga, su tambayi mai galan."