Saffana Mai Jakunkuna a Ƙasan Tafki

A cikin Hausawan Guangzhou, in ka ce Hajiya Saffana za a tambaye ka, mai jakunkuna? 'Yar Maraɗi ce, ta biyo mijinta Abdoulaziz zuwa China tun yaransu na ƙanana. Shi aikinsa haɗa kayan 'yan kasuwa da lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ita kuwa da zaman gida ya ishe ta, sai ta fara bin wata maƙwabciyarsu zuwa Shiling, garin masu ɗinka jakunkunan fata, tana zaɓo wa 'yan'uwanta na gida. Sannu a hankali matan da ke da shaguna a Maraɗi da Yamai da Kano suka riƙa yi mata sautu, har abin ya zama sana'a. Gidansu yana unguwar Sanyuanli, a hawa na sama, kuma benen ba shi da lifta.

Shekarun da ta yi tana zaman mota zuwa Shiling, tana sunkuyawa kan kwalaye tana jan zif ɗaya bayan ɗaya, su suka taɓa mata baya. Ta kai ga sallah ma sai a zaune. Likita ya duba ta, ya ba ta magani, ya ce amma abin da zai fi yi mata amfani shi ne iyo. Saffana ta yi dariya a gabansa. Tana da shekara arba'in da 'yan kai, ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Ko da gulbin Maraɗi ya kawo da damina, Innarsu ba ta barin 'ya mace ta je bakinsa.

Wadda ta ɗauki maganar da gaske ita ce Madam Fong, mai wata 'yar masana'antar jakunkuna a Shiling. Sun daɗe suna ciniki, kuma rabin zamansu gardama ce a kan launin fata da ƙarfin hannun jaka. Fong ta ga yadda Saffana ke dafa tebur kafin ta miƙe, ta tambaye ta, ta ji abin da likita ya ce. Sai ta gaya mata akwai wurin iyo a rukunin gidajensu, da sassafe babu kowa sai tsofaffin mata, kuma ita za ta koya mata.

Saffana ta je ne don kada ta watsa wa Fong ƙasa a ido. Ranar farko ta riƙe ƙarfen gefe har ta fito. Ta sha ruwa iya sha a makonnin da suka biyo baya, tsofaffin nan suna yi mata gyara da yaren Kanton da ba ta jin ko kalma. Kafin sanyi ya shigo tana ƙetare wurin daga wannan bango zuwa wancan, kuma ta koma yin ruku'u a tsaye.

Wata rana suna shan shayi bayan sun fito, Fong ta nuna mata hotuna a waya. Mutane ne a ƙarƙashin wani koren ruwa, da tukwanen iska a bayansu, suna haska wani abu mai kama da haƙarƙarin babbar dabba. Fong ta ce tsohon jirgin ruwa ne. Tana cikin wata ƙungiyar masu nutso, sukan yi shatar jirgi a wani tafkin madatsar ruwa can arewa da birni, mai jirgin ya kai su daidai inda tsofaffin jiragen suke kwance. Saffana ta tambaye ta me suke ɗaukowa in sun sauka.

"Meyo," in ji Fong, wato babu. An hana taɓa ko ƙusa. Kallo kawai ake yi a dawo.

Saffana ta ce wannan wahalar banza ce. Amma ta sa Fong ta tura mata hoton, kuma a motar komawa Sanyuanli shi ta yi ta buɗewa. Bayan ɗan lokaci ta fara zuwa wajen wata malamar nutso, tana koyon numfashi ta bututun iska, da fitar da ruwa daga gilashin fuska, da maganar hannu, tunda ba a magana da baki a ƙasa.

Abdoulaziz bai hana iyo ba, don da idonsa ya ga amfaninsa. Maganar tafki ce ta tsaya masa. Tsoron ruwan yana nan, amma abin da ya fi damunsa shi ne rigar robar da ake sawa, mai kama jiki, ga maza a cikin jirgi. Saffana ma abin ya dame ta. Ta je wurin wani tela a Sanyuanli ya ɗinka mata doguwar riga mara nauyi da za ta ɗora a kai. Da aka aika wa mai jirgin, wani dattijo da ake kira Lao Chen, hoton rigar, ya ce sam. A tsohon jirgin da ke ƙasan ruwa akwai ƙusoshi da guntayen ragar masunta, tufa mai yawo za ta iya maƙalewa, shi kuma ba zai ɗauki wadda zai je nema ba.

Aka yi kwanaki ba a sake tayar da zancen ba. Abdoulaziz ne ya tayar da shi da kansa, suna cin tuwo.

"Maman Huzaifa, rigar nan ta roba tana da hula?"

Ta ce tana da ita, fuska kaɗai ke fita.

"To sai in bi ki. Ki sa abayarki har bakin jirgi, in karɓa. In kin fito in miƙa miki."

Haka aka yi. Wata Asabar suka bi motar Fong suka nufi tafkin. Wuri ne mai tsaunuka da bishiyoyi, ruwan shiru kamar an shimfiɗa shi. Jirgin Lao Chen bai fi ƙaramar bas ba, da rumfa a tsakiya, tukwanen iska a jere an ɗaure su da igiya. Abdoulaziz, wanda ya yi shekaru yana loda wa manyan jiragen teku kaya, bai taɓa hawa ko kwale-kwale ba. Ya zauna a tsakiya ya rungume kular abincinsu.

A hanya Lao Chen ya ba da labarin jirgin da za su gani, Fong tana fassara wa Saffana da Turancin kasuwa. Ya ce tun wurin yana kogi, kafin a gina madatsa, jirgin ya nutse da kayan tukwane a wata ambaliya. Kakansa ya ce mutanen ciki sun tsira. Wani tsoho a ƙauyensu kuma ya ce ba su tsira ba. Shi dai bai san wanne ne gaskiya ba.

Da suka isa aka jefa igiya mai nauyi a ƙasa. Aka ɗaura wa Saffana ɗamarar dalma da tukunyar iska, ta zauna a baki ta juya wa mutane baya, ta zare abayar ta miƙa wa mijinta, ta yi bismillah ta faɗa.

Ruwan ya fi na wurin iyo sanyi nesa ba kusa ba. Ta kama igiya tana sauka, Fong a gabanta. Ba su yi nisa ba kunnenta na hagu ya ɗaure kamar ana soka tsinke. Ta yi wa Fong alama, suka ɗan hau, ta toshe hanci ta hura a hankali har ya buɗe, suka ci gaba. Koren ya yi ta duhu har sai da suka kunna tocila. Ba ta jin komai sai numfashinta.

Ba ta ga jirgin daga nesa ba. Kawai sai ga katako a gaban fuskarta, baƙi, da laka a kwance a kansa. Suka bi gefensa. Ya ɗan kishingiɗa, rabinsa ya shige ƙasa. Da ta haska cikinsa sai ta ga randuna a jere, ƙanana cikin manya, baki na kallon baki. Wasu sun fashe, da yawa kuwa lafiyarsu ƙalau, kifaye suna shiga suna fita. Ta tsaya tana kallon jerin. Wanda ya yi lodin nan ya san aikinsa, bai bar gurbin da kaya za su yi motsi ba. Abin da ya zo mata a rai shi ne, akwai wanda ya yi ta jiran kayan nan a wata kasuwa.

Fong ta ja ta zuwa bayan jirgin. A nan akwai ɗan murhu na bulo, da tukunyar ƙarfe a kife kusa da shi. Ashe a ciki suke girki, ƙila ma a ciki suke kwana. Saffana ta matsa don ta gani sosai, ta manta da abin da aka koya mata, ta buga ƙafa da ƙarfi. Laka ta tashi ta rufe komai. Tocilar ba ta nuna mata ko hannunta. Ba ta san ina ne sama ba. Zuciyarta na ce mata ta yi sama da gudu, abin da malamarta ta fi hana ta ke nan. Sai ta tsaya cak, ta dafa katakon da ke kusa, ta riƙa jan numfashi a hankali tana salati a zuci. Can ta ji an kama mata wuyan hannu. Fong ce. Suka lallaɓa har suka sami igiya, suka hau sannu, suna tsayawa inda ya kamata a tsaya.

Da kanta ya fito, abin da ta fara gani shi ne Abdoulaziz a tsaye a bakin jirgi, hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen rumfa, ɗaya ya ware abaya. Lao Chen ya ce tun da suka sauka mijin nata bai zauna ba, yana ta bin kumfar da ke tasowa da ido, bai san wacce ce ta matarsa ba. Ya lulluɓe ta tun tana kan tsani.

"Me kika gani?" ya tambaye ta.

"Randuna, Baban Huzaifa. Irin namu na gida, sai dai bakinsu ya fi ƙanƙanta."

Ba ta gaya masa maganar lakar ba sai da suka isa gida. Ya tambaye ta ko za ta koma. Ta ce za ta koma, amma sai ta ƙara koyon riƙe ƙafa.

Labari bai daɗe ba ya kai Maraɗi. Wata cikin masu yi mata sautu ta ga wani hoto da aka ɗauke ta a jirgin ta yaɗa shi. Wasu suka ce zaman China ya juya mata kai, wasu suka ce zinariya take nema. Inna ta kira ta, ta yi faɗa sosai, ta ce ruwa yana da masu shi, ba a shiga musu gida haka kawai. Saffana ta saurara ba ta katse ta ba. Da faɗan ya lafa, tsohuwar ta tambaya ko da gaske randunan ba su fashe ba, kuma wace irin ƙasa aka gina su da ita. A ƙarshe ta ce ta riƙa yin addu'a kafin ta shiga, ta kuma yi wa mutanen jirgin fatan alheri, ko su wane ne.

Yanzu Saffana tana nan tana sana'arta. Ciwon bayan yakan motsa in ta daɗe a mota, kunnen hagu kuma ya taɓa hana ta nutso damina guda. In zafi ya shigo, takan bi su Fong zuwa tafkin lokaci-lokaci. Ta ga jirage uku zuwa yanzu, ɗaya ma ba abin da ya rage sai ƙashin bayansa. Abdoulaziz bai koyi iyo ba, ya ce ba zai koya ba. Amma Lao Chen ya ba shi aron ƙugiya, kuma da yake ba su da yaren da ya haɗa su, sukan zauna gefe da gefe shiru suna kamun kifi har masu nutso su fito. Abin da ya kama, a Sanyuanli ake soya shi da yaji a aika wa maƙwabta.