Wasiƙar da Ta Shigo Ba Sallama

Da safen nan ina cikin jirgin ƙasa, ban kai ofishinmu da ke Alexandria a nan ƙasar waje ba, na buɗe imel ɗin ofis na ga wai Malam Isyaku ya rasu. Tun Litinin. Yau Alhamis.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san da me kamfaninmu na fassara ya buɗe sanarwar? "To whom it may concern." Wato ga duk wanda abin ya shafa. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana juya musu Turanci zuwa Sinanci, teburinsa na kallon nawa, amma aka rubuto kamar ana cigiyar mai motar da ta tare hanya. A ƙasa suka manna fassarar inji, don kwastomomin China su san an canja musu mutum.

Duk aikin nan babu layin da Malam ya tsana kamar wannan.

In wasiƙa ta zo da shi, ba ya fassarawa kai tsaye. Sai ya buga waya ya nemi sunan mai karɓa. In bai samu ba, ya rubuta jing qi zhe. Na tambaye shi ma'anarsa, ya ce, "Hajiya, bai ce komai a kan mai karɓa ba. Cewa yake, ni mai rubutu na rusuna ina sanar da kai. In ba ka san mutum ba, kai ne za ka rage tsawo."

Manajarmu ta ce yana ɓata lokaci. Ya ce mata ko gidan da bai san mai shi ba, da sallama yake shiga.

Lokacin da 'yata ke neman shiga jami'a a College Park, shi ya hana ta tura takarda ba suna, ya bi ya gano sunan matar da ke karanta takardun. Ranar da na yi rashin mahaifiyata, kujera ya jawo ya zauna kusa da ni.

Juma'a na gan shi ƙarshe, a bakin lif, yana tari. Na ce, "Malam, asibiti fa." Ya ce, "Bari in gama da mutumin Shanghai, har yau ban gano ko namiji ne ko mace ba." Muka yi dariya.

Ga abin da ke ci na. Tun Litinin asibiti suka kira ofis, don lambar ofis ce a katinsa. Na tsare manajar ɗazu, ta ce ba su san wa za su tuntuɓa ba. Ni da kullum suke ji muna Hausa da shi har suna cewa mu rage murya. Taku goma ne daga ofishinta zuwa teburina.

Musulmi kwana uku a ɗakin sanyi.

Asibiti sun ce sai da izinin ɗan'uwa za su ba mu shi. Matarsa ta riga shi, ba su haihu ba. Yana da ƙane a Tudun Wada ta Zariya, Malam Sabo, tela ne, ba ni da lambarsa. Mutanen Zariya da ke zaune nan Landover, don Allah ku tashi ku nemo mana shi yau, mu samu mu yi wa Malam sutura gobe bayan Juma'a.

Allah Ya jiƙan Isyaku ɗan Maryamu, Ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama. Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a, ya kuma ambaci sunansa.