Fararen rigunan aro

Jiya a tashar Gaya, muna jiran mota ta cika, ɗana ya nuna mini wani tsohon fim na Japan a wayarsa, wanda aka ɗauka kafin yaƙin duniya na biyu. Manoman wata ƙasa da Japan ta mamaye ne ke girbi, suna ta yi wa sojojinta murmushi. Sai na tuna da Kaka.

Shi in ya ga talaka yana washe baki a tele, sai ya tofar da tukar goro ya ce, "Wa ke tsaye bayan mai ɗaukar hoton?"

Wata rana muna ɗinkin taru a bakin kogi, hannuwanmu duk ƙarnin kifi, ya ba ni labari. Zamanin aikin tilas, Nasara suka raba wa su Kaka fararen riguna, aka ce su yi wa na'urar ɗaukar hoto murmushi.

"Bayana duk shatar bulala, jikana. Ana gamawa gardi, ɗan sandan Nasara, ya tuɓe mana rigunan. Tawa da jini a jiki ya miƙa wa na gaba."

Har ya rasu bai yarda an ɗauke shi hoto ba, ko guda ba mu da shi. Allah ya jiƙanka, Kaka, ya sanyaya makwancinka.